Disambar da Na Jira Sakamako

Da safiyar wata Lahadi ce a ƙarshen Nuwamba, ina wanka ina sauri don kada mu makara sujada, hannuna ya taɓa wani abu a nonona na hagu. Na ɗauke hannun na ci gaba da cuɗa jiki kamar ban ji komai ba. Sai da na ɗauraye kumfar sabulu tas, sannan na sake kai yatsu wurin a hankali. Yana nan. Ƙullutu ne mai tauri kamar ƙwayar gurjiya, can gefe wajen hammata. Ba ya ciwo. Rashin ciwon nan ne ya tsorata ni, domin na san irin abin da ba ya ciwo da farko.

A lokacin muna haya a Unguwar Dosa cikin garin Kaduna, ɗaki biyu da falo, muna raba tsakar gida da iyalin mai gidan. Ni malamar firamare ce a wata makaranta a Doka, maigidana kuma yana aiki a ofishin gwamnati. 'Ya'yanmu biyu, duka mata, babbar tana shekara goma sha huɗu, ƙaramar tana shida. Asalinmu kudancin Kaduna, amma a garin nan muka yi aure, a nan muka haihu, ƙauye sai Kirsimeti ko biki ko rasuwa.

Ciwon daji na nono ne ya kashe mahaifiyata. Ina kwalejin horar da malamai aka aiko in zo gida. Ashe ta daɗe tana ɓoye abin, tana shafa magungunan da ake kawo mata daga nan da can, har sai da ya fashe. Ni na yi jinyarta har ta cika. Ni nake wanke wurin safe da yamma, ni nake ƙona tsummokaran a bayan gida. Akwai wani wari da ɗakinta ya ɗauka wanda ko turare ba ya kashewa. Shekaru sun wuce ban tuna da shi ba, amma ranar nan ina tsaye a banɗaki, jikina na ɗigar ruwa, sai na ji shi a hancina kamar yanzu aka buɗe ƙofar ɗakin.

Babbar 'yata ta ƙwanƙwasa ƙofa.

"Mami, Dadi ya ce ki yi sauri, ya tayar da mota."

Na ce ina zuwa. Na yi mamakin yadda muryata ta fito daidai.

Ranar ce Lahadin farko ta makonnin jiran zuwan Almasihu. A cocinmu akan jera kyandir huɗu a gaban bagade, kowace Lahadi a kunna ɗaya har a kai Kirsimeti. Tun ina yarinya nake son wannan lokaci fiye da ranar Kirsimetin kanta. Waƙoƙinsa masu sanyi ne, ba a cika kiɗa ba, kowa yana kamar mai sauraron taku a bakin ƙofa. Aka kunna kyandir na farko. Fasto ya yi wa'azi a kan jira. Ya ce jiran mai bi ba zaman naɗe hannu ba ne, ya ce ku dubi mace mai tsammanin babban baƙo, shara take yi, wanke-wanke take yi, tana leƙa hanya tana komawa bakin murhu. Abin da na iya kamawa ke nan. Sauran wa'azin ya wuce ta saman kaina, domin na harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai jin sanyi, ina danna wurin da babban yatsa ta cikin mayafi, ina fata in ji ya ɓace.

Mako guda ban gaya wa kowa ba. Ina zuwa makaranta, ina yi wa yara bitar jarrabawa, ina koya musu waƙoƙin bikin rufe zango. In an fita tara sai in shiga banɗakin malamai in kulle in sake taɓawa. Wata rana in ga kamar ya ragu, in fito da sauƙin zuciya, kafin a tashi in ga kamar ya ninka. Na yi ta matsa wurin har ya soma tsami, sai tsamin ya zama sabon abin tsoro. Abinci ya daina shiga. In na kai loma baki sai in ji kamar auduga nake taunawa.

Abin da ya sa na buɗe baki, tunanin mahaifiyata ne. Na daɗe ina jin haushinta a raina, ina cewa me ya sa ta ɓoye. Sai ga ni ina yin abin da ta yi, har na soma gane dalilinta. Muddin ba ka faɗa ba, kana iya yaudarar kanka cewa babu shi.

Ranar Asabar maigidana yana wanke mota a ƙofar gida, na je na tsaya kusa da shi. Tun da muka haihu nake kiransa yadda yara ke kiransa.

"Dadi, in ka gama ina son magana da kai."

Ya ɗago ya dube ni, ya ajiye soson a kan motar, bai gama ba ya biyo ni ɗaki. Na kama hannunsa, da sanyin ruwa da komai, na ɗora a wurin. Ya danna a hankali. Ya san labarin mahaifiyata, lokacin yana nemana ne, har ya zo jana'iza.

"Tun yaushe?"

"Tun Lahadi."

"Tun Lahadi, kina kwana kina tashi da ni, ba ki faɗa ba?"

Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Can ya ce, "Ba komai ba ne, da yardar Allah. Mata da yawa suna samun irin wannan, a cire, shi ke nan." Yana faɗa yana kallon ƙasa. Na gane kansa yake lallashi.

Litinin muka je asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba, ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu. Da na ce mahaifiyata, sai na ga alƙalaminta ya ɗan tsaya kafin ya ci gaba. Wannan 'yar tsayawar ta bi ni har gida. Aka tura ni hoto, daga hoto aka ce sai an ɗebi ɗan nama daga ƙullutun a kai ɗakin gwaji. Bayan 'yan kwanaki aka yi. An kashe wurin da allura, ban ji zafi ba, sai wata ƙara kamar ta na'urar maƙala takardu. Na ga an jefa ɗan abin da aka ciro cikin wata 'yar kwalba mai ruwa, an rubuta sunana a jiki.

"Yaushe za mu ji, likita?" in ji maigidana.

"Wani gari ake aikawa, kuma akwai layi. In an yi sa'a kafin Kirsimeti. In hutu ya shiga, sai Janairu. Za mu kira ku."

"A ganinki fa?" Ni na tambaya.

Ta dube ni kai tsaye. "Madam, ba zan ce miki shi ne ba, ba zan ce miki ba shi ba ne. Ban ji daɗin yadda ya fito a hoto ba. Mu jira."

Daga ranar wayata ta zama abin tsoro. In ta yi ƙara sai gabana ya yanke ya faɗi, in ta yi shiru kuma in dinga dubawa ko ta mutu. Wata rana baƙuwar lamba ta kira ina tsakiyar aji. Na zauna a kan bencin yara na amsa. Ashe tela ne, yana tambaya ko zan kawo atamfar ankon zumuntar mata ta coci, don ya kusa rufe karɓar ɗinki. Na ce masa zan kawo. Ban kai ba. Na kasa ɗaukar atamfar in je a auna ƙirjina.

Gari kuwa ya shiga hidima. A kasuwa an cika rumfuna da kayan yara, takalma masu walƙiya da tabarau na roba. 'Yan garinmu sai kira suke, yaushe za ku taho, wace mota za ku bi. Muka ce musu bana a Kaduna za mu yi, aiki ya riƙe maigidana. Ƙaramar 'yata ta yi kuka sosai, don ta ƙwallafa rai a kan ganin kakarta ta wajen uba da awakinta.

Ni kuma na shiga wani irin shiri na kaina wanda ban gaya wa kowa sunansa ba. Na fito da kayan ɗakina duka na wanke na jera. Na ware zannuwan da za a ba ƙannena. Sannan na juya kan babbar 'yata. Da an dawo daga makaranta sai in tsayar da ita a kicin, yau tuwon acca, gobe miyar kuka, jibi yadda ake yi wa ƙanwarta kitso ba tare da an ja mata gashi ba. Ina so in ɗura mata abin da uwa ke koya wa 'ya cikin shekara goma, a cikin wata ɗaya. In ta yi kuskure sai in hau ta da faɗa.

Ranar da muke gwada cincin ne abin ya kai maƙura. Ta cika ruwa a kwaɓin, ya yi laushi yana manne wa hannu. Na fizge kwanon.

"Sau nawa zan nuna miki? In babu ni, haka za ki dinga ba mutane abinci? Haka za ki riƙe gida?"

Ta tsaya da fulawa a hannu, hawaye na zubo mata.

"Mami, me na yi miki ne? Kwanan nan komai na yi laifi ne. Ina za ki je da kike ta cewa in babu ke?"

Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ina jin ta tana shessheƙa tana tattara kwanuka. Ina kwance ina kallon rufi, wani tunani ya zo mini wanda ya fi duk na baya muni: mahaifiyata, ni, to su fa? 'Ya'ya mata biyu na haifa. Na cusa fuska a matashi don kada ta ji ni.

Addu'a ma ta gagare ni a kwanakin nan. Ni da nake jagorantar addu'ar safe a gida, sai na bar wa maigidana. In na durƙusa, abu ɗaya ke fita daga bakina, Ubangiji kada ya zama shi ne, kada ya zama shi ne. Sai in tuna haka na roƙa a kan mahaifiyata, da azumi da kuka, kuma ta tafi. Sai bakina ya mutu. Ina zuwa coci ranar Lahadi don kada a yi tambaya, ina kallo ana ƙara kunna kyandir, ni kuwa a wurina kowane ɗaya yana nuna mini mako ya sake wucewa, abin yana can yana girma, ba wanda ya kira. Koyon waƙar zumuntar mata na ranar Laraba kuwa na daina zuwa gaba ɗaya.

Akwai wata tsohuwa a zumuntarmu, ita ke kaɗa tulu in muna waƙa. Gwauruwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune a Hayin Banki tare da jikokinta. Kowa Mama yake ce mata. Ba mu da wata shaƙuwa ta musamman, gaisuwa ce da girmamawa. Wata Alhamis da la'asar, yara sun tafi koyon wasan Kirsimeti a coci, sai na ji sallamarta a tsakar gida. Keke napep ta hau ta zo, ga ciwon gwiwa.

Na shimfiɗa mata tabarma don ta ce kujera na gajiyar da ita, na kawo ruwa. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara. Sannan ta ƙura mini ido.

"'Yata, kwana biyu babu ke a koyon waƙa."

"Ayyukan ƙarshen zango ne, Mama."

"An rufe makaranta ai. Jikokina suna gida." Ta kurɓi ruwa. "Ranar Lahadi ina bayanki. Na ga yadda kike riƙe da hannunki na hagu. Na san wannan riƙon."

Na sunkuyar da kai. Ta ce in tashi in tura ƙofa. Da na dawo na zauna, sai ta kama hannuna ta kai ƙirjinta ta gefen dama, ta danna. Na ji laushin tsumma. Ta sa hannu cikin rigarta ta zaro wani tsohon ɗankwali da aka naɗe, ta ajiye a kan tabarma, ta mayar da hannuna wurin. Babu komai sai ƙashin haƙarƙari da wani dogon tabo da na ji tudunsa ta cikin riga.

Shekara nawa ina zama kusa da matar nan a coci, ina kallonta tana rungume da tulu tana kaɗawa, ban taɓa sani ba.

"Tun autana yana firamare," in ji ta. "Yanzu 'ya'yansa ne ke cinye mini abinci."

Nan na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar da na taɓa abin. Ba ta hana ni ba. Sai da na gaji don kaina, na ba ta labari duka, har da na mahaifiyata, har da zannuwan da na ware.

"Ban zo in ce miki ba shi ba ne," ta ce. "Ban sani ba. Lokacin nawa, masu ce mini ba komai, ba komai, su na fi jin haushi, don in sun tafi ni suke bari da abin. Zai iya zama shi. In shi ne, kin je da wuri, mahaifiyarki ba ta je ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne."

"Mama, na kasa addu'a. Tsoro nake ji. Ina jin kunyar Ubangiji, kamar ba ni da bangaskiya."

"Wa ya ce miki mai bangaskiya ba ya tsoro? Ranar da za a shiga da ni tiyata, gadon da nake kai har kaɗawa yake don rawar jiki." Ta yi 'yar dariya. "Ni dai ga abin da na yi. Na daina roƙon Allah ya nuna mini ƙarshen abin. Da safe sai in ce, Yesu, ka zauna da ni yau. Shi ke nan. Gobe in ta zo in sake roƙa. Ba shi muke jira a watan nan ba? Wanda ya zo ya zauna da mutane cikin wahalarsu? Ai ba gidan masu lafiya kaɗai yake shiga ba."

Ta mayar da ɗankwalin mazauninsa, ta gyara riga.

"Kuma wannan shirin da kike yi, na raba zannuwa, ban ce laifi ba ne. Kowa zai tafi, ni ma nawa a ware suke. Amma kin shirya wa mutuwa, ba ki shirya wa rai ba. In Allah ya bar ki fa? Yarinyar nan da kike gasawa a kicin, ki gaya mata gaskiya. Ta riga ta san akwai wani abu, tsoronta ya fi naki don ita ba ta san me take tsoro ba."

Ta yi mini addu'a gajeriya, hannunta a kaina. Na raka ta bakin titi ta hau keke.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Washegari da shi na farka, yana zaune a ƙirjina kamar dutse. Amma na durƙusa na faɗi 'yan kalmomin nan da ta koya mini, kuma sun fita. Da rana na kira babbar 'yata ɗaki na gaya mata komai, ban rage ba. Ta kai idonta kan ƙirjina.

"Irin na Kaka ne?"

"Ba a sani ba tukuna. Shi muke jira."

"Za ki mutu?"

"Ban sani ba. Amma na je asibiti da wuri, kuma akwai waɗanda aka yi wa aiki suna nan da ransu. Na ga ɗaya da idona."

Ta matso ta kwantar da kai a cinyata kamar 'yar yaye. Can ta ce, "Ni na ɗauka ke da Dadi za ku rabu ne." Sai ga mu muna dariya da hawaye. Daga ranar, in wayata ta yi ƙara, ita ma sai ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya kusa da ni har in gama amsawa.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, maigidana ya je asibitin da kansa ya tambaya. Aka ce bai dawo ba, kuma ɗakin gwajin ya tafi hutu, sai sabuwar shekara. Da ya gaya mini, na ji kamar an ƙara mini wa'adin kurkuku. Na yi fushi, na ce da ma su faɗa mini mummunan labarin in huta. Shi ma ya rame, wandonsa har ya soma yi masa yawa.

Da yammacin ranar matasan coci masu bi gida-gida da waƙoƙin Kirsimeti suka iso wurinmu. Na so in ce a sallame su daga ƙofa, amma ƙaramar 'yata ta riga ta jawo su ciki. Suka cika falo har tsakar gida, da ganga da kacau-kacau. 'Ya'yan mai gidanmu suka fito suna leƙe. Ina tsaye jingine da bango, ina cewa a raina wataƙila wannan ne na ƙarshe da zan ji. Amma da suka ɗauko wata tsohuwar waƙa da muke yi a ƙauye da yarenmu, sai na ji bakina yana bi. Ina tsoro ina waƙa, duka a lokaci ɗaya. Kafin ranar ban san ana iya haɗa su ba.

Ranar Kirsimeti na sa tsohon ankon bara na tafi sujada. Mama tana gaba da tulunta, ta hango ni ta ɗaga mini gira. Da aka zo jibin Ubangiji na durƙusa a gaban bagade, na miƙa hannu. Na karɓi gurasar. A zuciyata na ce, ga ni, ban san abin da ke jikina ba, kai ka sani.

Da muka dawo muka zuba shinkafa da nama da cincin a kwanuka, aka kai wa maƙwabta kamar yadda muka saba, su ma haka suke mana da Sallah. Ni na kai wa Hajiya, matar mai gidanmu, wadda ke aiki a sakatariya. Ta karɓa ta yi godiya, ta yi mana barka, sannan ta riƙe hannuna ba ta saki ba.

"Malama, ban so in yi miki shisshigi. Amma kin rame, kuma kin daina waƙa in kina wanki. Ko ma mene ne, ina sa ki a addu'a. Allah ya kawo sauƙi."

Na ce amin. Washegari da safe ta aiko mini da kunun gyaɗa mai zafi, ta ci gaba da aikowa har aka koma aiki.

A mako na biyu na Janairu aka kira. Ina shanya kaya ne. Muryar wata nas ce, ta ce sakamako ya dawo, likita na son ganina, in zo da maigidana. Da ta ce in zo da maigidana na gane. Na gama shanya kayan tukuna, ɗaya bayan ɗaya, sannan na kira shi.

Shi ne. Likitar ta faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce amma ƙarami ne, kuma bisa abin da suka gani bai yi nisa ba. Za a cire nonon, daga baya a yi mini ƙarin magani na wasu watanni, gashina zai zube, zan sha wahala, amma tana da kyakkyawan zato. Ina sauraronta ina jiran in faɗi ko in yi ihu, kamar yadda na yi ta zatawa. Ban yi ba. Sai dai na ji kaina ina tambayarta wace rana za a yi aikin, da me da me zan zo da shi.

Maigidana ne ya kasa. Mun fito mun shiga mota, ya tuƙa har mun kusa Kawo, sai ya gangara gefen titi ya kashe ta, ya kifa kai a kan sitiyari. Tun da muka yi aure ban taɓa ganin kukansa ba, ko a rasuwar mahaifinsa. Masu keke suna ta yi mana hon. Na dafa bayansa na ce, "Dadi, yau kaɗai za mu ɗauka. Mu je gida, yara sun kusa dawowa." Ya share fuska da hularsa, ya tayar da mota.

An yi aikin kafin ƙarshen watan. Na ji tsoro sosai a kan gadon nan. Watannin maganin da suka biyo baya sun fi aikin wuya, ba na ma son tuna su. Yanzu shekaru sun ɗan tura, ina koyarwa, ina zuwa asibiti a duba ni lokaci-lokaci, kuma duk ranar da zan je sai tsoro ya kama ni tun daga gida. Babbar 'yata ta san ita ma za ta soma zuwa a duba ta da wuri, mun yi wannan maganar.

Ranar da aka sallamo ni bayan aikin, na shigo gida a hankali, maigidana na riƙe da jakata, ƙirjina a naɗe da bandeji. Ƙaramar 'yata ta taho da gudu daga tsakar gida, sai ta ja birki a gabana, hannuwanta a buɗe. An riga an ja mata kunne kada ta faɗa mini a jiki. Ta dubi dama, ta dubi hagu.

"Mami, ta wane gefe zan rungume ki?"

Na nuna mata dama. Ta zagayo a hankali ta kama ni ta nan, ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ɗago ta ce yunwa take ji.